Akushin da Ya Kwana Bakwai a Tudun Ƙishi

Da sunan Wanda ya tsirar da itace daga ƙasa, ya zuba masa ruwa a jiki, ya ɓoye masa zuciya a tsakiya, ya kuma ba ɗan Adam hannu da ƙarfe. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ce Yalwa 'yar Nomau masassaƙi, jikar masassaƙi, uwar mutum shida, kakar waɗanda na daina ƙirgawa. Ban san baƙi ko ɗaya ba, abin da na sani a hannuna yake. Mai son ji ya gyara zama, mai gardama ya bari in kai aya.

Garinmu Kurmin Danya ake ce masa, amma a zamanin da nake faɗi sunan kawai ya rage. Gidanmu akushi muke yi. A sare danya, a yanki gungume, a zauna da gizago ana ƙwaƙule cikinsa kwana biyu, a fitar da akushi ɗaya tak, sauran itacen ya tafi murhu. Haka kakanni suka yi ta yi har suka cinye kurmin. Shekarar da mijina ya rasu na dawo gidan ubana, yayyena sai sun yi tafiyar kwana uku kafin su ga itacen da ya isa sara.

Ana nan sai wani falke ya sauka a ƙofar gidanmu da akusa biyar a cikin juna, duk sun tsage, yana neman wanda zai karɓa ya zuba wa kaji dusa. Na jera su a ƙasa ina dubawa. Jijiyar itacen da ta ƙare a cikin babban, ita ce ta ci gaba a bayan na biye da shi, haka har zuwa ɗan ƙaramin. Gungume ɗaya ne ya haifi biyar.

Na ce, “Malam, ina ake wannan aiki?”

Ya ce, “Birnin Yayyafi, bayan Ƙasar Gara da Baƙin Kogi. Su ba sa sassaƙa, juya itacen suke yi. Lafiyarsu ƙalau na saye su, a hanya suka yi haka.”

Na shiga wurin tsoho na ce, “Baba, zan je in koyo.”

Ya ce, “Maza ba su je ba.”

Na ce, “Shi ya sa.”

Ya tashi ya miƙo mini ƙaramin gizagonsa. Na bar 'ya'yana wurin innata, na ɗauki tandun man kaɗanya da garin tafiya, na bi ayarin masu gishiri.

Kwana arba'in muka iso Ƙasar Gara. A can suri ya fi ganuwar birni tsawo, garar kuwa kowace ta kai ɗan akuya. Ba ta taɓa mutum, itace take nema, amma duk abin da ya tsaya tsakaninta da itace sai ta bi ta kansa. Madugu ya ce za a riƙa yini a inuwar suri, in rana ta yi sanyi a tashi.

Na ce, “Madugu, gara ba ta son rana. Da tsakar rana ya kamata a bi, ta kan duwatsu.”

Ya ce, “Ke da wa kika taɓa ratsa nan?”

Na ce, “Ban taɓa ba. Amma tun ina goyo nake faɗa da ƙannenta a rumbun itacen ubana, kuma girma ba ya sauya hali.”

Aka yi mini dariya. Tsofaffi uku ne suka biyo ni. Muka riƙa tafiya rana na bisa ka, ƙafa na toyewa a kan falalen dutse, in mun sauka mu kewaye kanmu da toka. Kwana huɗu muka fita. Ayarin sai bayan kwana goma sha ɗaya ya ɓullo, gishiri a ka, babu sirdi, babu ƙotar gatari, madugu ko asuwaki bai tsira da shi ba. Na gaishe shi da hanya, ya kau da kai.

Daga nan na rabu da su na nufi Baƙin Kogi ni kaɗai. Ruwan kamar an narka shuni, kifayensa masu haƙora, har filafilin tuƙi suke gatsa. Mai fito ɗaya ne, wani ƙato mai idon jan gauta. Da muka kai tsakiya sai ya ajiye filafili ya ce al'adar kogin ita ce baƙo ya sauke duk abin da ya ɗauko. Ni kuwa tun shigata na ga wata ɓula a cikin kwalekwalen, an toshe da guntun itace da tsumma. Na ɗora ƙeyar gizago a kai.

Na ce, “Wa ya yi maka wannan toshi? Bai iya aiki ba. Bugu ɗaya zai fice.”

Ya ce, “Ai ke ma kifi zai ci.”

Na ce, “Ni ƙashi ce. Kai za su fara.”

Ya dubi ruwa, ya dube ni, ya ɗauki filafilinsa. Da muka kai gaci na cire toshin na sassaƙa masa wani mai kyau, don ba na iya barin mummunan aiki a bayana.

Birnin Yayyafi a kan tafki aka kafa shi, gidajen duk bisa dirkoki. Ruwa ba ya ɗaukewa a can, ba kuma ya tsananta, yana ta sauka kamar ana tankaɗe. Zane ba ya bushewa, gishiri a narke ake sayar da shi, yaran garin ba su taɓa ganin inuwarsu ba. A bakin ƙofa na tarar da wata mata mai sayar da bandar kifi, ta girme ni da kamar shekara ashirin. Da za ta miƙo mini kifi sai na ga babu babban yatsa a hannunta na dama. Na waiga, mai ɗaukar kaya ma haka, mai shara ma haka.

Ta ce, “Baƙuwa, koyo kika zo?”

Na ce, “Shi na zo, Yaya.”

Ta ce, “Sunana Marka, ni ma shi na zo. Za su koya miki, ba sa rowa. Amma ranar da kika ce za ki tafi, sai ki juya akushi da hannunki, a kai shi Tudun Ƙishi ya kwana bakwai. In bai tsage ba, ki wuce. In ya tsage, tudun ya shaida zuciyarki da ha'inci, a cire miki wannan, don kada ki sake riƙe ƙarfe a wani gari.”

Na ce, “Mutum nawa suka wuce?”

Ta ce, “Ba a taɓa ba. Ki ci kifinki ki koma gida.”

Na ci kifin, na shiga.

Shugaban masu juyi sunansa Anaruwa, dogo, mai taushin murya, gwani na gaske, wannan ba zan hana shi ba. Shi ya nuna mini abin da suke kira majuyi. Dirka biyu ne a kafe, kowace da tsinin ƙarfe, a matse gungume a tsakaninsu. Igiya ta naɗe sandar da ke riƙe da gungumen, kanta ɗaya a ɗaure a gora mai lanƙwasa a sama, ɗayan a katakon da ake takawa. Ka taka, itace ya juyo wajenka, ka kai masa ƙugiyar ƙarfe ta yanka. Ka ɗaga ƙafa, gora ta ja shi baya, ka janye ƙugiyar. Wanda ya manta bai janye ba, ƙugiya ta sarƙe, ta tsaga aikin ko ta tsaga shi.

Wata uku ina taka wa wasu kafin a ba ni ƙarfe. Wata shida kafin in iya fitar da bayan akushi sumul. Sai a shekara ta biyu Anaruwa ya ba ni doguwar ƙugiya mai lanƙwasa, wadda ake kurɗa ta cikin itacen tana bin bango, har cikin ya ɓalle ɗungurungum ya zama wani akushin. Ranar da na fitar da huɗu daga gungume ɗaya na zauna a cikin sassaƙe ina tuna itacen da gidanmu ya ƙone a murhu.

Amma ina aiki ina kallonsu. Itacensu a cikin tafki suke ajiye shi, a tsamo shi yana ɗiga, a juya shi a gama a yini ɗaya, ruwa na fantsama a fuska. Kuma dole zuciyar itacen ta zauna a tsakiyar gindin akushi, wai akushin da ba zuciya gawa ne. A garinsu ba abin da ke samun aikin, don ba ya taɓa bushewa. A garinmu ko yarinya mai ɗebo itacen girki ta san ɗanyen itace daga zuciya yake fara darewa.

Na sami Anaruwa a gaban almajiran sana'arsa na ce, “Ranka ya daɗe, zan tafi gida.”

Ya ce, “Yalwa, hannunki ya fi na mutum goma a rumfar nan. Zauna. Za a ba ki ɗaki da majuyi naki.”

Na ce, “Na bar 'ya'ya.”

Ya ce, “To gobe ki juya naki.”

Na ce, “Dokarku ta ce a yini ɗaya?”

Aka kira tsofaffi, aka tambaya, ba wanda ya taɓa jin an ƙayyade kwana. Anaruwa ya ce ya ba ni zuwa bikin tsamo itace, wata biyar ke nan.

Na tsamo gungume, na kafa masa weji, ƙarfen faskare, na raba shi biyu, na sassaƙe zuciyar da gizagon ubana na jefa a tafki. Wata tsohuwa ta rufe ido, wani ya tofar da yawu. Ban kula su ba. Na ɗora ɓarin a majuyi na fitar da akushi mai kauri, bango kamar faɗin yatsa biyu, mummuna, ban goge ba. Na ƙara wasu irinsa, suka zama uku. Na shafe su da man kaɗanya ta wajen da jijiya ta ƙare, na kai gidan Marka, don a duk birnin ɗakin bandarta ne kaɗai wurin da ke da bushewa.

Ta ce, “Kin san abin da za su ce in sun ji?”

Na ce, “Me ya rage da za su cire miki?”

Ta yi dariya har da tari, ta nuna mini rufin ɗakin.

A nan na yi kuskure, kuma zan faɗe shi. Gaggawa ta sa na rataye biyu daidai kan wuta. Kwana tara na farko ya dare tun daga baki har gindi. Na biyu ya kai wata guda, shi ma ya bi. Saura ɗaya, wanda na tura can lungu don babu wuri. Na sauko da shi, na cusa a buhu cike da sassaƙensa, na mayar inda ɗumi ke kaiwa amma hayaƙi ba ya bugawa. Kowace safiya in ɗaga shi in ji nauyi, in ƙwanƙwasa in ji amo. Ban taɓa kallon yatsana kamar a watannin nan ba. In ina tuƙa tuwo ina kallonsa, in ina ɗaura zane ina kallonsa. Marka kuwa da haƙori take kama bakin igiya in za ta ɗaure kifi.

A wata na biyar nauyin ya daina raguwa. Na fito da shi, ya karkace, baki ya yi tsawo kamar kwalekwale. Da na shiga da shi rumfa sai da aiki ya tsaya don dariya. Wani ya ce in sa masa filafili in koma gida a ciki. Anaruwa bai yi dariya ba. Ya ce, “Wannan kika ɓata wata biyar a kai?”

Na ce, “Ya gama tafiyarsa, ranka ya daɗe. Yanzu zan yi tawa.”

Na mayar da shi kan majuyi. Busasshen itace ba ɗanye ba ne. Ba ya ba da dogon sassaƙe, gari yake yi, yana dukan ƙugiya sau biyu a kowane juyi, kaf, kaf, har kafaɗa ta mutu. Kowane ɗan lokaci sai na sauka na wasa ƙarfe. Na gyara bayan har ya daina duka, na koma ciki. Ina cikin rage bango ƙafata ta zame a kan jiƙaƙƙen katako, ƙugiya ta sarƙe, ta ɓantare baki kamar faɗin farce. Na tsaya na duba, tsagar ba ta gangara ba. Na yanke bakin gaba ɗaya, akushi ya rage tsawo da yatsa ɗaya, na ci gaba. Ina yanka ina tsayawa ina matsa bangon tsakanin babban yatsa da manuniya, daga baki har gindi, don kauri ya zo ɗaya. Wuri mai kauri da wuri mai sirara ba sa tafiya tare, a nan itace ke rabuwa.

Da na gama na goge shi da ganye mai kaushi, na damƙi garin itacen na matsa a jikinsa yana juyawa har ya ɗau sheƙi. Na gasa ƙarfe na baƙanta bayansa irin na gidanmu, na ɗura masa man kaɗanya, ya sha, na ƙara, kwana uku, har ya ƙi sha.

Ranar tafiya tudu na tsaya a gaban jama'a na ce, “Ranka ya daɗe, ina da roƙo. Ka juya naka, a ajiye kusa da nawa.”

Wani tsoho ya ce, “Ba a gwada ɗan gari.”

Na ce, “Ai ba gwaji ba ne, Baba. Tudun ya san mai gaskiya, ko ba haka kuka ce ba? Ina so in ga yadda akushin mai gaskiya yake kwana.”

Anaruwa ya dubi mutanensa, duk shi suke kallo. Ya sa aka tsamo gungume, kafin azahar ya fitar da akushin da ban taɓa ganin mai kyansa ba, siriri har haske na ratsa shi, zuciya a tsakiyar gindi kamar ido.

Tudun Ƙishi tafiyar kwana uku ce, sama da gajimare. Ba ciyawa, ba tsuntsu, sai baƙin dutse da iska mai zafi kamar bakin tanderu. Mutanen birni suka lulluɓe kai suna haki, leɓunansu na fashewa. Ni kuwa na cire mayafi na shanya jikina, shekara biyu rabona da rana. Mai wuƙar cire yatsa ya zo da gungumen yanka. Marasa yatsa ma sun biyo mu, sun fi arba'in, Marka a gaba, ba wanda ya kira su.

Aka ajiye akusan biyu a kan falalen dutse, aka zauna nesa. A rana ta biyu da hantsi muka ji ƙara kamar an karya kara. Ba wanda ya motsa, don doka ta hana a matsa sai ranar bakwai. Mai wuƙa ya dube ni, ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Rana ta huɗu aka sake ji. Ban ci abinci ba ranar, na ce zafi ne.

Rana ta bakwai aka tashi gaba ɗaya. Na Anaruwa ya dare gida uku, daga zuciya zuwa baki, ya buɗe kamar furen kabewa. Nawa yana zaune. Tsohon nan ya ɗauka ya juya, ya ɗaga wa rana, ya zuba ruwa a ciki ya jira. Ko ɗigo.

Anaruwa ya tsuguna ya tattara ɓarayin nasa, ya daɗe yana shafa tsagar. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, “Me kika ba tudun?”

Na ce, “Ɗaga murya, ranka ya daɗe, akwai masu son ji.”

Bai ɗaga ba, sai ni na ɗaga. Na juya wajen su Marka na ce, “Ban ba shi komai ba. Tudun nan bai san zuciyar kowa ba, rana ce da iska. Ɗanyen itace kuka kawo, ya bushe da gaggawa, ya tsage. Ko wa ya juya shi haka zai yi. Ga na shugabanku nan.”

Marka ta ɗaga hannunta tana kallo kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce, “Shekara ashirin da biyu ina neman ha'incin da na yi.”

Anaruwa ya taka zuwa gungumen yanka, ya durƙusa, ya ɗora babban yatsansa a kai. Mai wuƙa ya rasa inda zai sa ido. Tsofaffi suka juyo wajena, wai ni zan faɗi.

Na ce, “Ni me zan yi da shi? Ba ya shiga miya. Ku tambayi waɗanda kuka yanka.”

Marka ta je ta tsaya a kansa. Ta karɓi wuƙar da hannun hagu, ta dube ta, ta miƙa wa na bayanta, shi ma ya miƙa wa na bayansa, har ta kai ga na ƙarshe, wani tsoho mai ɗaukar kaya. Shi ya je bakin tudu ya sake ta. Marka ta ce, “Tashi, Anaruwa. Akwai gungume arba'in da za ka raba, ɗakin banda kuma yana son mai hura wuta. Da yatsa ake wannan.”

Tsohon da ya gwada akushina ya ce al'ada ita ce in koma birni a sallame ni ta ƙofa. Na ce ba a taɓa sallamar kowa ba, ina aka samo al'adar? Daga kan tudun ina hango Baƙin Kogi ta gabas. Na shimfiɗa zanena a kan dutse, na sa akushin, na sa ƙugiyoyi uku da na ƙera da hannuna, na sa gizago. Marka ta kawo kifi ta ɗora a kai. Ta kama bakin zanen za ta kai haƙori, na ce, “Bari, Yaya.” Na haɗa bakin huɗu na ƙulla, na danna ƙullin da babban yatsa har ya zauna, na ɗora a ka, na gangara.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa nawa ne. Godiya ta tabbata ga Mai rana da ruwa.